Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaba Lee Jae-myung: Tsofaffin Nan Ba Za Su Iya Jiran Sulhun Manya Ba

Mai girma Shugaban Ƙasa,

Ranka ya daɗe. Ina gaishe ka, ina gaida jama'ar Koriya ta Kudu, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Ni mutumin Jibiya ne a jihar Katsina, garin da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar. Karatu ya kai ni ƙasarku na yi shekara biyu, na ci shinkafarku, na sha sanyin hunturunku, mutanenku kuma suka riƙe ni riƙon mutunci. Na san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba ni da abin da zan koya maka game da Koriya. Amma baƙon da ya kwana a ɗakin har ruwan ya ɗiga masa, ba laifi ba ne in ya nuna wurin da yatsa. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: tsofaffin da yaƙi ya raba da danginsu, waɗanda kullum ake binne wasu daga cikinsu ba tare da sun san ko 'yan uwansu na Arewa suna raye ba.

A kakar 2019, lokacin Chuseok, bikinku na kaka da ake tunawa da magabata, wani abokin karatuna ya ce in raka shi Imjingak, wurin ziyara da ke dab da iyakarku da Koriya ta Arewa, zai kai kakansa. Ka san wurin fiye da ni, tunda yana cikin lardin Gyeonggi da ka yi wa gwamna. Daga nan farar hula ba ya gaba sai da izini. Shingen waya ne mai ƙaya, an ɗaɗɗaure shi da ƙyallaye kala-kala, kowanne da sunan wani da addu'ar wani. Tsohon ya haura 80 a lokacin. Ya fito da abinci daga jaka da hannunsa, ya ƙi a taimaka masa: 'ya'yan itace, busasshen kifi, wainar shinkafa. Ya jera su a kan dakalin dutsen nan na Mangbaedan, ya cire takalmansa a kan siminti mai sanyi, ya fuskanci arewa. Ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa, ya miƙe da ƙyar, ya sake durƙusawa. Ya tsaya shiru na ɗan lokaci. Sai ya ƙara durƙusawa sau ɗaya, ya daɗe bai ɗago ba.

A hanyar komawa abokina ya warware mini. A al'adarku durƙuso biyu na mamaci ne, ɗaya na mai rai. Biyun farko na mahaifiyarsa ne, don lissafin shekaru ya riga ya gaya masa ba ta duniya. Na ukun na ƙanwarsa ce, wadda ya bari tana 'yar shekara 6 a Janairun 1951, ranar da uwarsu ta tura shi kudu ta ce ya ɓuya 'yan kwanaki har ƙura ta lafa. Ya ce ba zai yi mata biyu ba sai an kawo masa labari. Ba a kawo ba. Ya rasu bayan na dawo gida, ƙuri'ar da ake zaɓen masu zuwa ganawa da danginsu na Arewa ba ta taɓa faɗowa kansa ba.

Na ɗauka na fahimci abin da na gani a ranar. Ashe ban fahimta ba sai da ya zo ƙofar gidanmu. Mu ma Turawa sun ja mana layi, Ingila da Faransa suka raba Katsina da Maraɗi, alhali mutanen Maraɗi Katsinawa ne, har gobe sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa. Yayar mahaifiyata tana aure a can. A watan Agustan 2023 aka rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar, ana cikin haka ciwo ya kwantar da ita. Na ga mahaifiyata zaune a kan tabarma da dare, waya a tafin hannunta an buɗe murya, ba magana suke yi ba, numfashin yayarta kawai take saurare. Da ta cika, a bayan babur ta hanyar daji tsohuwar nan ta je gaisuwa. Wata bakwai kacal aka yi, muna da waya, muna da hanyar daji, amma gidanmu ya jigata. Mu kan ce zumunta a ƙafa take. Ku an ɗaure ƙafar, an toshe kunnen, an hana takarda, yau sama da shekara 70. Kaesong kuwa, garin Arewa da ke kusa da iyaka, ba ta fi wa Seoul nisan da Maraɗi ta yi mana da wani abin kirki ba.

Abin da ke ƙara cin raina shi ne ba ku kuka ja layin ba. A daren 10 ga Agustan 1945, wasu hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, suka shimfiɗa taswira suka zaɓi layi na 38, don Seoul ta faɗo ɓangaren Amurka, Tarayyar Sobiyat kuma ta amince. Ba a tambayi ɗan Koriya ko ɗaya ba. Japan ce ta yi mulkin mallaka, ita ta ci ƙasarku shekara 35, amma ku aka yanka biyu. Yaƙin da ya biyo baya daga 25 ga Yunin 1950 ya ci miliyoyin rayuka, ya jawo sojojin Chaina da na Amurka da na ƙasashe da dama, har Habasha ta aika da bataliyarta. Abin da aka sa wa hannu a Panmunjom, ƙauyen da ke kan iyakar, ranar 27 ga Yulin 1953 tsagaita wuta ne kawai, ita ma Kudu ba ta sa hannu ba. A takarda, yaƙin bai ƙare ba har yau.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amurka na da sojoji kimanin 28,500 a ƙasarka, kuma idonta ba a kan Pyongyang, babban birnin Arewa, kaɗai yake ba, yana kan Beijing. Chaina ba ta son makaman nukiliyar Kim Jong-un, amma ta fi ƙin ta wayi gari ta ga sojan Amurka a bakin kogin Yalu da ya raba ta da Koriya ta Arewa. Rasha ta sami mai ba ta harsashi da sojoji, tun da Putin ya je Pyongyang a Yunin 2024 suka ƙulla yarjejeniyar kare juna, samarin Arewa suka je suka mutu a Kursk a yaƙin Rasha da Ukraine, yaƙin da ba nasu ba. Japan na da nata kukan na 'yan ƙasarta da Arewa ta sace. Kowa da abin da yake nema a teburin nan. Ban ga wanda ya zo da sunan ƙanwar tsohon nan a aljihunsa ba.

Bari in gaya maka yadda ake ganinku daga nan, ko da ba zai yi daɗin ji ba. A kasuwannin Kano da Katsina, Koriya ta Kudu ita ce Samsung da LG da Hyundai, sai wasannin kwaikwayon da 'yan mata ke kwana kallo a waya. Koriya ta Arewa kuwa mutum ɗaya ce mai harba makamai masu linzami. Wasu na mayar da shi abin dariya, wasu samarinmu kuma a Facebook suna yi masa kirari, wai shi ne namijin da ya gagari Amurka. Duka biyun suna ba ni takaici. Mai dariyar bai san cewa jiragen Amurka sun zuba wa yankin nan bama-bamai sama da tan 600,000 har kusan babu garin Arewa da ya rage a tsaye ba, bai kuma lura da darasin da Pyongyang ta ɗauka daga Gaddafi ba, wanda ya miƙa shirin makamansa a 2003 aka kashe shi a 2011. Mai kirarin bai san yunwar shekarun 1990 da ta kashe dubban ɗaruruwan mutane ba, bai ji labarin sansanonin da kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2014 ba. Tsakanin dariya da kirari mutum miliyan 26 sun ɓace, kamar ba iyayen wasu ba ne, ba ƙannen wasu ba. In na ba da labarin Imjingak a majalisa, abin da aka fi tambayata shi ne: wai da gaske ko waya ba sa iya yi wa juna? Da gaske ne. Ɗan Seoul zai iya aika wasiƙa Jibiya, ba zai iya aikawa Kaesong ba.

Ranka ya daɗe, na san ba a zauna haka nan ba. A 1983 gidan talabijin na KBS ya buɗe shirin neman dangi kai tsaye, aka yi niyyar ɗan gajeren lokaci, jama'a suka cika harabar gidan da alluna ɗauke da sunaye, shirin ya ja kwana 138, aka haɗa iyalai sama da 10,000. Waɗannan fa duk a cikin Kudu suka ɓace wa juna. A 1985 aka yi ziyarar farko ta tsallake iyaka. A 1998 Chung Ju-yung, mai kamfanin Hyundai, wanda ya gudu daga ƙauyensu na Arewa yana saurayi da kuɗin saniyar mahaifinsa, ya kora shanu 1,001 ta Panmunjom ya mayar da bashin. Duk Bahaushe da Bafulatanin da na ba wannan labari sai ya jinjina kai, don mun san abin da saniya take nufi. Bayan shugabanku na lokacin, Kim Dae-jung, ya je Pyongyang a Yunin 2000 aka fara ganawar iyalai, aka yi zagaye 21 zuwa Agustan 2018.

Amma dubi yadda ganawar take. Mutum sama da 130,000 suka rubuta suna a Kudu, a kowane zagaye kwamfuta ta zaɓi kimanin 100. A kai su dutsen Kumgang da ke Arewa, kwana uku, jimlar zaman bai wuce awa 12 ba, galibinsa a babban zaure, jami'ai na zagayawa, kyamarori na haskawa. A zagayen ƙarshe duniya ta ga tsohuwa mai shekara 92 ta rungume ɗanta mai shekara 71, wanda ya kuɓuce mata yana ɗan shekara 4. Ranar ta uku aka sa ta a mota, shi yana waje, hannuwa a jikin gilashi. Wanda ya je sau ɗaya ba ya sake zuwa, kuma ba wasiƙa bayan nan. Yau waɗanda suka rage da rai cikin masu rajistar ba su kai 40,000 ba, mafi yawansu sun haura 80, kuma duk shekara dubbai ne ke tafiya.

Me ya sa abin ke tsayawa kullum? A ganina, saboda an ɗaure tsofaffin nan a jelar manyan batutuwa. In ana shiri sai a fito da su a nuna wa duniya, in aka ɓata sai a mayar da su ɗaki. Sojan Arewa ya harbe wata 'yar yawon buɗe ido ta Kudu a Kumgang a 2008, aka tsaya. An gwada nukiliya a 2016, aka rufe masana'antun Kaesong inda ma'aikatan Arewa sama da 50,000 ke aiki da kamfanonin Kudu. A 2018 shugabanku na lokacin, Moon Jae-in, wanda iyayensa suka tsere daga Hungnam ta Arewa a jirgin ruwa a Disambar 1950, ya tsaya gaban mutum 150,000 a Pyongyang ya yi jawabi, muka ce an gama. Sai Trump da Kim suka tashi baram-baram a Hanoi a Fabrairun 2019, komai ya rushe, har ofishin tuntuɓar juna na Kaesong aka tarwatsa da nakiya a Yunin 2020. Wane laifi tsohuwa mai shekara 92 ta yi a Hanoi?

Ba zan ɓoye inda mafi girman laifin yake ba. Pyongyang ce ke tsoron ganawar, don duk tsohon da ya zo daga Kudu da kaya masu kyau da ƙoshin lafiya ya ƙaryata abin da aka koya wa jikokinsa. Ta sha mayar da hawayen nan abin ciniki, a ba ta shinkafa da taki ta buɗe ƙofa. Tun ƙarshen 2023 Kim Jong-un ya ce babu sauran maganar haɗewa, ƙasashe biyu ne masu gaba da juna. Ya rushe ƙofar tunawa da haɗin kai da mahaifinsa ya gina, ya fasa hanyoyin da suka haɗa ku a Oktoban 2024, a Fabrairun 2025 kuma gwamnatinku ta sanar cewa ana rushe ginin ganawar iyalai na Kumgang kansa. Akwai 'yan ƙasarka shida da ke tsare a can, akwai waɗanda aka sace da fursunonin yaƙin da ba su dawo ba. Layin wayar da ke tsakaninku ba a ɗauka tun Afrilun 2023.

Na kuma ga abin da ka yi tun hawanka a Yunin 2025. Mako guda da rantsar da kai ka kashe lasifikokin da ke kwarara farfaganda a bakin iyaka, washegari na can ma suka yi shiru, mutanen ƙauyukan Ganghwa da ke bakin iyakar suka sami barci. A jawabinka na 15 ga Agusta ka ce kana mutunta tsarin Arewa, ba ka neman haɗiye ta. Kim Yo-jong, ƙanwar Kim Jong-un, ta mayar maka da baƙar magana, ka haɗiye. Wannan haƙuri ne na mai hankali, kuma na yaba. Abin da nake roƙo shi ne ka ƙara taku ɗaya, ka kwance tsofaffin nan daga jelar da aka ɗaure su.

Ka fito fili ka ce maganar iyalai ba ta da haɗi da nukiliya, ba ta da haɗi da atisayen soja, ba ta da haɗi da takunkumi, ko an harba makami gobe da safe tayin yana nan. Sannan ka rage abin da ake nema. A bar maganar babban zaure da kyamarori, abin da ke tsorata Pyongyang ke nan, kuma yawancin tsofaffin ba za su iya hawa mota zuwa Kumgang ba yanzu. A nemi amsa mai kalma ɗaya: yana raye, ko ya rasu ranar kaza. Ranar rasuwa ba ƙaramin abu ba ce ga mutanen da ke yi wa iyayensu hidimar tunawa a daren da suka cika, duk shekara. Bayan nan sai takarda, ko da buɗaɗɗiya ce, ko da jami'ai goma za su karanta kafin ta isa.

In Kim ya dage cewa ku ƙasashe biyu ne, to a bi shi a kan maganarsa a wannan gaɓa ɗaya. Dukanku kun shiga Majalisar Ɗinkin Duniya rana ɗaya a Satumban 1991, dukanku kuna cikin ƙungiyar gidajen waya ta duniya. Ƙasashe biyu masu gaba ma suna musayar wasiƙu. A rubuta cikakken sunan ƙasarsa a bayan ambulan, a manna kan sarki na ƙasar waje, a bi da ita ta Geneva wurin ƙungiyar Red Cross, ko ta Mongoliya, ko Biyetnam, ko Suwidin, duk masu hulɗa da ɓangarorin biyu. Ko a nan Abuja ofisoshin jakadancinku biyu suna gari ɗaya. Na san tsarin mulkinku ya ce dukan yankin ƙasa ɗaya ce, na san 'yan adawa za su ce ka sallama. Amma suna a bayan ambulan ba ya raba jini, kuma haɗewar da ake tanadi, in babu sauran wanda ya san fuskar wani a ɗaya gefen, su wa za a haɗa? Matasan da na yi karatu da su, da yawa sun ce mini Arewa wata ƙasa ce kawai mai magana da harshensu. Tsofaffin nan su ne igiyar ƙarshe.

An yi irin wannan a wasu wurare ba tare da an jira sulhu ba. Jamus ta Gabas ta fara barin 'yan fansho su ziyarci Yamma tun 1964, katangar Berlin na tsaye. Taiwan ta bar tsofaffin sojoji su je ganin gida a Chaina a 1987, ta hannun Red Cross, alhali gwamnatocin ba sa ga maciji. A nahiyarmu, da aka maido da layin waya tsakanin Habasha da Eritiriya a Yulin 2018 bayan shekara 20, mutane suka riƙa buga lambobin da ba su sani ba, don kawai su ji murya daga can.

Kada ka jira amsa kafin ka fara. A Yulin 2025 gwamnatinka ta gyara jirgin wasu masunta, ta sa 'yan Arewa shida da igiyar ruwa ta kawo ku, ta sanar ta hannun rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sake su a teku. Ba wanda ya amsa muku, amma da suka isa, jirgin sintirin Arewa na jiransu. Ashe ana ji, magana ce ba a yi. To a bi wannan hanya da jerin sunaye: a miƙa, a sake miƙawa, duk wata, da na waɗanda suka fi tsufa a sama. Haka kuma dattijon nan mai shekara 95, tsohon sojan Arewa da ya yi shekara 42 a kurkukunku, wanda ya tako zuwa gadar iyaka a Agustan 2025 yana neman a bar shi ya je a binne shi a can, sojoji suka mayar da shi. A shekarar 2000 an mayar da irinsa 63. Duk wanda ya rage cikinsu yana son tafiya, a sallame shi ba tare da an nemi musaya ba, don duniya ta ga wane ɓangare ne ke riƙe tsofaffi. In kuma ka zauna da Xi Jinping ko Trump, bayan an gama maganar haraji da jiragen ruwa, ka ajiye musu jerin nan a kan tebur. Xi na da kunnen Kim, ya tsayar da shi kusa da shi a faretin Beijing a Satumban 2025. Roƙon a gaya wa tsoho ko ƙanwarsa na raye ba zai rage wa Chaina komai ba.

Ranka ya daɗe, kai ba ɗan gata ba ne. Kana yaro ka shiga masana'anta a Seongnam, inji ya murƙushe maka hannu, har yau bai miƙe daidai ba. A daren 3 ga Disambar 2024, da aka ayyana dokar soja, ka haura katangar majalisa kana kiran jama'a su fito. Ka san yadda ake ji in manya na shawara a kan rayuwar mutum shi yana waje, shi ya sa na rubuto maka kai, ban rubuta wa wani ba.

Kafin kakan abokina ya rasu, jami'ai sun zo gida sun ɗauki saƙonsa a bidiyo, sun ɗauki samfurin jininsa sun ajiye, kamar yadda aka yi wa dubban irinsa. Abokina ya ce a cikin bidiyon tsohon ya faɗi sunan ƙauyensu, da bishiyar da ke ƙofar gidan, da tabon da ke gwiwar yarinyar, don ta tabbatar shi ne. Yanzu abokina ne ke zuwa Imjingak da jakar abincin, kuma shi ma sau ɗaya yake durƙusa mata. In tana raye ta kai 80. Sunanta yana cikin kundin da ke ma'aikatarka ta haɗin kan ƙasa. Ina roƙonka ka aika da shi.

Ka huta lafiya.

Naka mai fatan alheri,
Wani tsohon ɗalibi a ƙasarku, daga Jibiya